Takardar da Ta Je Misyon Ranar Auren Ɗiyata

Shekarun baya, lokacin maigidana yana shofer, direba ke nan, a wani sarwis na gwamnati nan Gure, na taɓa zama ansifekta mai bincike ta yini ɗaya a tsakar gidana, da muciya a hannu. Sunan sarwis ɗin ku bar shi kawai. Waɗanda abin ya shafa wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Ni dai kun san ni, ƴar zaman gida ce. Lakwal, makarantar boko, aji uku na yi aka fiddo ni, abin da na tsira da shi lambobi ne da gaisuwar Faransanci, "bonjur mushe". Kasuwa ma sai ta kama dole. Amma Allah da ya rage mini a karatu sai ya cika mini a kunne. Motar sarwis ɗinsu wata tsohuwar kat-kat ce fara, tun tana kwanar masallacin unguwa nake gane ta, kuma sai ta yi tari biyu kafin ta mutu a ƙofar gida. Da na ji tarin nan sai in ɗora ruwan wanka. Shi kansa maigidan na san nasa tarin. Mutum ne da bai iya ƙarya ba. In zai yi ta, sai ya gyara murya ya ce "wato" kafin maganar ta fito. Shekara ashirin da ɗoriya muna tare a lokacin, "wato" ɗin nan bai taɓa ba ni kunya ba.

Ga wanda bai sani ba, in ma'aikata za su fita aiki ƙauye, misyon suke ce masa. Ana rubuta takarda da sunan shef, shugabansu, da na shofer da lambar mota, a buga mata tampo, hatimi ke nan, a nan, in sun isa can ma a buga musu wani, shaidar sun je. Da wannan takardar ake biyansu kuɗin kwana da na gazuwal, man mota. Ni kuwa tawa shaidar daban ce. In zai tafi, ni ke daka masa daƙuwar guzuri. In wajen Bune ya yi, da dabino da kanwa zai shigo mini. In Kelle ne, cuku. In Gamu ne, ko bai zo da komai ba zai zo da rairayi har cikin kunne da yunwar da sai na ƙara tuwo.

To sai wata ɗabi'a ta shigo sarwis ɗin: takarda ta koyi tafiya ita kaɗai. A naɗe ɗan abin goro a cikinta, a ba direban motar kasuwa, ya kai wa wani mai riƙe da tampo a can wani ƙauye, a buga, a dawo da ita. Wurin kwanan wata a bar shi fari, sai ta dawo a cike shi daidai da na tampo. Mota tana kwance, mutane suna shan shayi a gindin bishiyar bedi, a takarda kuwa suna can daji kwana huɗu rana na dukansu.

A watan Sha'aban na wata shekara muka aurar da babbar ɗiyarmu. Shef ɗin su maigidan baƙo ne, daga yamma aka turo shi, mutum mai fara'a da son taro, ba suna ba biki da ke wuce shi. Don girmamawa maigidan ya roƙe shi ya karɓi sadaki a madadinmu. Ya zo cikin shuɗiyar babbar riga, ya zauna kusa da liman, ya ƙirga kuɗin a gaban jama'a. Kat-kat ɗin gwamnati kuwa ranar ita ta yi jigilar tabarmi da kujeru, ita ta kai kayan ɗakin amarya.

Can bayan la'asar, gida ya cika da guɗa da kiɗa ba mai jin wani, sai na tsinkayi muryar maƙwabcinmu daga zaure. Shi ne ke jan motar kasuwa.

"Uwar amarya! A yi mini aikin gafara, ban samu ɗaurin aure ba, kasuwar bayan Bune na yi. Har takardar sarwis ɗin su Malam yau na kai aka buga, kwananta bakwai ƙarƙashin kujera na manta da ita. A cika mini kwanona, hukuncin makara kada ya shafi tuwo!"

Na ce a zuba masa, na koma cikin hidimata. Maganar ta shiga kunne ta samu wuri ta kwanta.

Bayan mako biyu maigidan ya shigo da azahar, ya ajiye mini kuɗi jika goma sha biyar a kan tabarma.

Na ce, "Malam, na mene ne?"

Ya gyara murya. "Wato... na misyon ne."

"Wane misyon? Ni ban daka daƙuwa ba, ban ga dabino ba. Ko a mafarki kuka je?"

Ya ce, "Shef ya miƙo takarda ya ce in sa hannu, rabona ne. Kowa yana sawa. In na ƙi, a ce ni na fi kowa tsoron Allah."

Jama'a, ranar na yi wa'azi. Na kawo haram, na kawo hisabi, na kawo dukiyar talakawa, har da ayar da ban tabbata na karanta daidai ba. Sai idona ya faɗa kan buhun hatsi, wanda biki ya bari a kwance kamar tsumma. Na ce, "To kawo in adana kafin mu san yadda za a yi da su." A daren nan miyarmu da nama aka sha ta. Wa'azina ko magariba bai kai ba. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya ɗauka waliyyiya ke ba shi labari. Na ci, kuma ya yi mini daɗi.

Rigima ta tashi bayan Babbar Salla. Akwai wani abokin aikin maigidan, mutum shiru-shiru, wanda shi da gaske yake fita. A kan tsohon babur ɗinsa yake ratsa rairayi ya je ƙauyuka, ya dawo baki a bushe. Misyon uku ya yi ba a biya shi ba, kullum a ce masa kuɗin misyon na shekara sun ƙare. Da ya gaji, sai ya rubuta takarda zuwa ga manyansu a Damagaram yana tambaya: su wa suka ƙarar da su, tunda shi bai ga ƙurar kowa a hanya ba?

Sarwis ya rabe biyu. Wasu na cewa munafuki ne mai tona asirin ƴan uwa, wasu na cewa guminsa yake nema. Har mu mata abin ya iso mu. A gidan suna sai ka ga matar wane ta ja tabarmarta gefe don kada ta haɗa gwiwa da matar wane. Ana haka labari ya zo cewa an turo ansifekta, ya riga ya karɓe duk takardun misyon, kuma ranar Litinin zai kira mutane ɗaya-ɗaya.

Ranar Jumma'a maigidan ya dawo ya ture kwanon abinci. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini abin babba ne. Ya ce shef ya kira shi ya rufe ƙofa, ya ce su zama baki ɗaya: sun tashi rana kaza, sun kwana uku a ƙauye kaza, sun dawo rana kaza. Har ya rubuta masa ranakun a ƴar takarda don ya haddace. Da ya ga maigidan yana jan jiki sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba shofer, ni ina da mutane a Yamai. Kai wa kake da shi?"

Shekara ɗaya da rabi ta rage masa ya ajiye aiki ya fara cin fansho. In aka kama shi da ƙarya, kora ce ba ko dala, in abin ya yi muni har gidan kaso. In ya faɗi gaskiya kuma, ya tona kansa da hannunsa, ga shef a kansa. Shekara talatin na tuƙi cikin rairayi, da ciwon bayan da ya samo a ciki, duk suna rataye a kan jika goma sha biyar da muka riga muka cinye.

Ina tuƙa tuwo a lokacin. Na sauke tukunya, na jawo kujera ƴar tsugunne na zauna gabansa da muciyata. Na ce, "To tunda hadda aka ba ka, zo ka biya. Ni ce ansifekta."

"Ke wasa kike gani."

"Mushe shofer, ban ba ka izinin magana ba. Yaushe kuka tashi daga Gure?"

Ya harare ni, amma ya amsa. "Wato... bayan asuba."

"Ina kuka sauka?"

"Wato... gidan maigari."

"Madalla. Me aka kawo muku kuka ci a daren farko?"

Ya kalli sama, ya kalli kaji. Can ya ce, "Shef bai faɗa mini wannan ba."

Wallahi dariya ta ƙwace mini har muciya ta faɗi. Na ce, "Malam, ni mai aji uku na kayar da kai a tambaya ta uku. Wanda ya yi karatu har ya ƙoshi fa, me zai yi da kai?"

Ransa ya ɓaci. Ya zaro ƴar takardar shef daga aljihu ya jefo mini. "To malama, tunda kin iya, ga ranakun nan, ki koya mini."

Na ɗauka ina kallon lambobin, ba su ce mini komai ba. Daidai lokacin motar maƙwabcinmu ta shigo layi tana nishi da kayan kasuwa, ya danna oda kamar yadda ya saba. Jin odar nan sai maganar da ta kwanta a kunnena wata huɗu ta farka ta zauna: yau na kai aka buga, kwananta bakwai ƙarƙashin kujera.

Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe akwatina, na ɗauko katin gayyatar auren ɗiyarmu da na adana cikin zannuwa. A sama an rubuta ranar da watan Musulunci, a ƙasa da ƙananan lambobi an rubuta ta da watan Nasara. Na jera katin da takardar shef a kan cinyata. Na duba, na sake dubawa, don mai aji uku ba ta yarda da kallo ɗaya.

Na ce, "Malam, ranar da kake can daji rana na dukanka, wa ya aurar mini da ɗiya?"

Ya karɓa ya duba. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi. Rana ta uku ta misyon ɗinsu ita ce ranar ɗaurin auren. Mantuwar maƙwabcinmu ta tura takardar mako guda gaba, aka buga mata tampo ranar bikinmu, su kuma a biro, ofishinsu, suka cike kwanakin daidai da tampo ba tare da kowa ya yi tunani ba. Mu a gida da watan Musulunci muke riƙe ranakunmu, su a biro da na Nasara suke aiki. Shef kuwa mai zuwa biki uku a mako, ina zai tuna wace Asabar ce wace?

Na ce, "Kuma ka tuna wa ya raba goro ranar? Wa ya yi ta ɗaukar hoto da wayar salula?"

Ya sani sarai. Mutumin nan ne shiru-shiru mai babur.

Ya miƙe zai fita, wai bari ya gaya wa shef a san dabarar da za a yi. Na tare ƙofa. Na ce, "Gaya masa za ka yi, amma ba don dabara ba. Ka ce masa kai ba za ka iya faɗar kun je ba, ga dalili. Mutumin nan ya karɓi sadakin ɗiyarmu, kada a ce ka soke shi ta baya. Ya ji daga bakinka tun yau, in yana da hankali shi ma ya nemi mafita."

Ya je ya dawo. Shef ya ce masa ba wanda zai lura da wannan, takardu sun fi ɗari, ya dai tsaya a kan maganarsu.

Washegari da hantsi sai ga matar shef ta yi sallama, ita da tun ranar biki ba ta sake taka gidana ba. Ta zo da sabulai da turare a leda. Bayan gaisuwa ta ce, "Ƴar uwa, maza in suna sha'aninsu, mu mata namu addu'a ne. Ki riƙa kwantar masa da hankali, kada ya je ya yi ta surutu."

Na ce, "Madam, addu'a ina kan yi. Sai dai ranar da takarda ta ce suna ƙauye, ke ce kika gyara wa amarya mayafi a ɗakin can. Ni da ke za mu iya mantawa. Unguwa fa?"

Ta tashi ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ledar ma na bi ta da ita har zaure. Nama ya riga ya koya mini darasi, ba zan ƙara da sabulu ba.

A ranar na sa aka kai jar akuyata kasuwa. Na so akuyar nan, ita ke fara gaishe ni da safe. Na ƙirga jika goma sha biyar na naɗe su cikin katin gayyata na ba maigidan.

Ranar Litinin na zura hijabi na ce muje. Ya tsaya yana kallona. "Ina za ki?"

"Rakiya."

A hanya matan unguwa sai leƙowa suke. Wata ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?" Don sun san ba ƙaramin abu ke fiddo ni da safe ba. A sarwis gardi mai tsaron ƙofa ya ba ni benci a gindin bedi, Allah kuma ya sa bencin yana ƙarƙashin tagar ɗakin da ansifekta yake. Ba na ganin kowa, amma ni gani bai taɓa damuna ba.

Na ji an kira maigidan. Na ji jan kujera. Muryar ansifektan a kwance take, irin ta wanda ba ya sauri don ya san inda za shi.

"Baba shofer, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To. Kun je wannan misyon ɗin?"

Na kasa kunne. Sai na ji ya gyara murya.

"Wato..."

Tsoron shef ya rinjaye shi a ƙofar ƙarshe. Ba zan iya shiga ba, ba zan iya kiran sunansa ba. Sai kawai na buɗe maƙogwaro na yi tari biyu, manya, irin na kat-kat in ta iso gida.

Sai na ji muryarsa, wannan karon ba gyara.

"Ranka ya daɗe, ba mu je ba. Ranar ina aurar da ɗiyata. Ga katin. Ga kuma abin da aka ba ni, na ci, na dawo da shi."

Na ji an jawo aljihun tebur, an ajiye wani abu. Ansifektan ya ce, "Da ka ce kun je, wannan hoton zan nuna maka in tambaye ka, mai shuɗiyar rigar nan da ke ƙirga sadaki, a wane ƙauye yake zaune? Mutum biyu sun riga ka shigowa yau, duk sai da na nuna musu nasu." Ya ɗan tsaya. "Wa ke tari a waje?"

"Iyalina ce, ranka ya daɗe."

"Ka ce mata Allah ya ƙara sauƙi. Amma kada ta sha magani, tarin nan yana da amfani."

Gardin da ke gefena ya kasa riƙe dariya. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, kunya da daɗi suka haɗe mini.

Ba a sake shi haka nan ba, kada ku ɗauka. An ba shi takardar gargaɗi, an karɓe makullin mota daga hannunsa wata biyu, yana zuwa ya zauna a benci kamar baƙo. Wasu abokan aikinsa suka daina amsa sallamarsa. Matar maƙwabcinmu ta yi wata guda ba ta leƙo ni ta katanga ba, don an kira mijinta shi ma ya sha tambaya. Shef an sa shi ya mayar da abin da ya ci, daga baya aka ɗauke shi daga Gure, mutanensa na Yamai ban san inda suka shiga ba ranar. Mai babur an biya shi misyon ɗinsa uku. Maigidana kuma ya cika shekarunsa, ya ajiye aiki da mutuncinsa, fanshon nan shi muke ci har yau.

In na tuna abin nan yanzu, ba wayona nake gani ba, don wayon da ya tsaya sai da ansifekta ya zo gari ba abin alfahari ba ne. Ranar da kuɗin suka shigo na san ba na Allah ba ne, kunnena ya gaya mini tun daga "wato", amma na bar buhun hatsi ya fi shi murya. Da na mayar da su a ranar, da akuyata ta tsufa a gidana. Kuma na daina cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Na wani ne. Namu na mai babur ne, mutumin da ya tsaya a rana yana raba goron auren ɗiyata alhali mu muna shirin cin guminsa. Na aika masa da tuwo da ban haƙuri, ya karɓi tuwon ya ce haƙurin ya riga ya yi.

Abin da nake da tabbaci a kai shi ne wannan: matar gida ta san abin da ke shigowa gidanta, ko ba ta iya karanta takarda ba. In ta yi shiru, ba rashin sani ba ne.

Da aka mayar masa da makulli, misyon na farko wajen Bune suka yi da sabon shef. Na daka daƙuwa. Kwana uku babu shi. Rana ta huɗu da la'asar na ji tari biyu a ƙofar gida, na ɗora ruwa. Ya shigo fari fat da rairayi, yana dafe da baya. Ya sauke ƙullin dabino da dunƙulen kanwa a gabana, ya ja da baya ya ƙame kamar soja.

Ya ce, "Madam ansifekta, ga tampo. A duba."

Na ɗauki dabino ɗaya na ɓare, na tauna a hankali, na ce, "An je."